Dangin Gonostomatidae: Rabe-Rabe da Rayuwar Kifin da Ya Fi Kowace Dabba Mai Ƙashin Baya Yawa

Tsakure

Wannan maƙala ta bi tarihin rabe-raben dangin kifayen Gonostomatidae da yadda suke rayuwa a cikin duhun teku. Ta nuna cewa tsimin da ya sa jinsin Cyclothone ya mamaye tekunan duniya, wato ƙaramin jiki da ƙarancin ci da motsi, shi ne kuma ya sa tantance nau'o'insa da ido ya yi wuya.

Gabatarwa

Da za a yi ƙidayar dabbobi masu ƙashin baya, mutane biliyan 8 da kaji fiye da biliyan 20 ba za su zo kusa da na ɗaya ba. Masana kifaye sun daɗe da ba wa jinsin Cyclothone wannan matsayi, kuma ƙiyasinsu yana farawa ne daga ɗaruruwan tiriliyoyi. Kifin da yawanci bai wuce tsawon ɗan yatsa ba ne, santimita 2 zuwa 7, mai wawakeken baki cike da haƙora sirara. Ba a kai shi kasuwa, masunta ma ba sa haɗuwa da shi, domin yana zaune ne daga zurfin kimanin mita 300 zuwa ƙasa, inda hasken rana yake dushewa har ya ɓace.

Yadda aka rarraba dangin

Constantine Rafinesque ne ya fara bayyana jinsin Gonostoma a shekarar 1810, lokacin da yake zaune a tsibirin Sisili. Daga nan aka daɗe shiru, har jirgin binciken Ingila, Challenger, ya zagaya tekunan duniya tsakanin 1872 da 1876. Daga abin da komarsa ta ɗebo Albert Günther ya bayyana nau'in microdon a 1878. A 1883 Amurkawa biyu, Goode da Bean, suka kafa jinsin Cyclothone. Bajamushe August Brauer ya ƙara wasu nau'o'in, ciki har da pallida da obscura da livida, daga kayan da jirgin Valdivia ya kawo a tafiyarsa ta 1898 zuwa 1899. Wannan na ƙarshe, livida, mazaunin gabashin Atlantika ne, har da ruwayen da ke daura da Afirka ta Yamma.

A yau ana sa dangin a babban rukunin Stomiiformes, tare da dangin Sternoptychidae da Phosichthyidae da Stomiidae. Lissafin da ya fi yaɗuwa yana ba shi jinsi 8 da nau'o'i 30 da 'yan kai. Jinsunan su ne Bonapartia, Cyclothone, Diplophos, Gonostoma, Manducus, Margrethia, Sigmops da Triplophos. Sai dai ba kowa ya yarda da wannan ba. Wasu masana suna cire Diplophos da Manducus da Triplophos su ba su dangi na kansu, Diplophidae, a bar jinsi 5 kawai.

Saɓanin yana da dalili. Mai rarraba kifi yana dogara ne da abin da zai iya ƙirgawa: ƙasusuwan fiffike, jerin haƙora, da ɗigogin hasken da ke jere a ƙasan ciki. To Cyclothone ya rage kusan duk waɗannan. Ƙashinsa laushi ne, idanunsa ƙanana, ɗigoginsa 'yan mitsi-mitsi, nau'in obscura ma ba shi da su ko ɗaya. Baligin kifin yana kama da jaririn wasu 'yan uwansa. Ga shi kuma koma tana saɓule masa fata kafin ya iso saman jirgi, mai bincike ya tarar da abin da zai auna ya riga ya lalace.

Masanan Japan biyu, Masaki Miya da Mutsumi Nishida, suka koma ga ƙwayoyin gado. A 1997 suka nuna cewa Cyclothone alba, wanda ake ɗauka nau'i guda ne a tekuna masu ɗumi, ya ƙunshi zuriyoyi da suka daɗe da rabuwa ko da yake ido ba ya bambanta su. Wannan ya girgiza tunanin da ke cewa buɗaɗɗen teku ba shi da shingen da zai raba zuriya. A 2000 kuma suka gano cewa wasu nau'o'in da ake kira Gonostoma sun fi kusa da Cyclothone fiye da sauran Gonostoma, sai suka farfaɗo da tsohon sunan Sigmops suka mayar da su can. Shi ya sa kifin da tsofaffin littattafai suke kira Gonostoma elongatum ya zama Sigmops elongatus.

Rayuwa cikin tsimi

Kifaye da yawa na tsakiyar zurfin teku suna hawa sama da dare su ci abinci, su koma ƙasa kafin gari ya waye. Sigmops elongatus, wanda yake wuce santimita 25, yana yin wannan zirga-zirga. Cyclothone kuwa ba ruwansa. Yana tsayawa inda yake dare da rana, yana jiran ƙananan halittu dangin jatan lande su gifta, kuma sau da yawa idan aka buɗe cikinsa sai a same shi wayam. Jikin da ba shi da tsoka mai yawa ba ya neman abinci mai yawa.

Nau'o'in sun raba zurfin tamkar hawa-hawan bene. Na sama, irin su alba da braueri da signata, farare ne har ana ganin cikinsu, kuma suna da jakar iska mai riƙe su a ruwa. Na ƙasa, irin su microdon da obscura, baƙaƙe ne kuma sun fi girma, jakar iskarsu ta shanye, kitse ya maye gurbinta. Hasken da ke ƙasan ciki yana ɓatar da inuwar kifin ga mafaraucin da ke kallo daga ƙasa, wanda hakan ya bayyana dalilin da ya sa ɗigogin suke raguwa a inda babu sauran hasken rana.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne haihuwa. A 1967 Kawaguchi da Marumo suka ba da rahoton cewa nau'in Sigmops gracilis yana fara balaga a matsayin namiji, idan ya girma ya koma mace. Daga baya aka ga haka a Cyclothone microdon da atraria. Lissafin a fili yake: ƙwai yana bukatar babban jiki, maniyyi ba ya bukata. Mazan kuma suna da manyan gaɓoɓin shaƙar ƙamshi, waɗanda ake ganin da su suke gano mata a cikin duhu.

Matsalar ƙidaya

A 1980 Gjøsæter da Kawaguchi suka ƙiyasta nauyin dukkan kifayen tsakiyar zurfin teku a kan tan biliyan 1, bisa abin da koma take kamawa. A 2014 Xabier Irigoien da abokan aikinsa, da suka yi amfani da na'urar amsa-kuwwa a tafiyar binciken Malaspina ta Sifaniya, suka ce adadin zai iya ninka haka sau 10. Cyclothone yana kuɓuce wa hanyoyin biyu: ƙanana suna zurarewa ta idon koma, na ƙasa marasa iska a jiki kuma ba sa mayar da sauti sosai. Duk wani shirin kamun kifayen wannan zurfi domin abincin dabbobi ya kamata ya jira har a gyara wannan ƙidaya, a kuma san nau'o'in da ake ƙirgawa.