Daga Huhun Goro Zuwa Ƙwaya

Tun ƙarni na 15 Hausawa suka san hanyar Gwanja, inda fatake, a ƙarƙashin madugu, kan shafe watanni da jakunansu kafin su kai kasuwar Salaga su sayo goro. Da yaƙin basasa ya rusa Salaga a 1892, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911, sai goro ya sauya hanya, ya wadata har talaka ya samu. Ta wannan fatauci ne Alhassan Ɗantata, ɗan Agalawa, ya fara bunƙasa.

Ban da zumunci da ɗaurin aure, babban abin da aka nema a goro shi ne korar barci. Malami mai muɗala'ar dare, da mai gadin zango, da masaƙin da alkawari ya matsa wa, kowannensu yakan ɓantari tsagi ya ƙara sa'a biyu ko uku a kan aikinsa. Amma da yake ƙarfin goro yana da iyaka, barci yakan rinjayi mutum daga bisani, ƙailular rana kuma ta biya abin da dare ya ci.

Wannan iyakar ce ƙwaya ta rushe, a ganina. Daga shekarun 1960 amfetamin ta shiga hannun leburori da direbobi da sunan maganin ƙarfin aiki, daga baya tiramol da kodin suka biyo, har gwamnatin Nijeriya, wadda ta kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA tun 1989, ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018. Saurayin da ya sha ƙwaya don ya kwana aiki, idan asuba ta yi ido ya ƙi rufuwa, sai ya nemi wata, irin su roci, ta kwantar da shi. Ran da ya jera kwanaki a haka, waswasi ya kama shi, ya riƙa jin muryoyin da babu mai yin su, yana zargin iyalinsa da ƙulla masa makirci, jama'a kuwa su ce iska ce ta taɓa shi.

Likitocin ƙwaƙwalwa sun tabbatar cewa wanda ya daina shaye-shaye yakan yi makonni, wani lokaci watanni, barcinsa bai daidaita ba, kuma wannan azabar dare tana cikin manyan dalilan da ke mayar da shi ga abin da ya tuba daga gare shi. Fuƙaha'u kuwa sun ƙidaya kiyaye hankali, wanda ƙwaya ke gusarwa, cikin larurori biyar na Shari'a. Saboda haka, iyaye, idan ɗanku ya tuba amma ya ce ba ya iya runtsawa, kada ku ɗauka shagwaɓa ce; ku kai shi ga likita kafin ya koma wurin mai ƙwaya.