Murhun da ke saman tekun Ankara

A shekarar 2015, lokacin da dumsor ya addabi Ankara, mu 'yan Nima da Mamobi muka sake ganin sama. Wani dare da aka ɗauke wuta, kakata ta nuna mini Kaza da 'Ya'yanta, ta ce haka ake kiran su tun iyayenta suna Salaga. Sai daga baya na san cewa idan Kaza ta hau tsakiyar sama, ka juya ka fuskanci teku, akwai wani garken taurari a can wanda ido ba ya kaiwa gare shi.

Masana suna ce masa NGC 1365. Siffarsa kamar faifai ce, da sandar taurari ta ratsa tsakiyarsa, hannu biyu sun fito daga bakinta suna naɗewa. Haskensa yana shafe kusan shekara miliyan 60 kafin ya iso mana. Wani ɗan Sikotlan, James Dunlop, shi ya fara hango shi a 1826 daga Parramatta a Ostireliya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sunan yankin da yake ciki. Wani Bafaranshe, Lacaille, ya zauna a Kef ta Afirka ta Kudu a 1751 zuwa 1752 yana ƙidayar taurarin kudu, ya raɗa wa wannan ɓangare suna Fornax, wato murhu. Daga ƙasar Afirka ya tsaya ya kalli samanmu, amma sunan da ya zauna a littattafai nasa ne. Na kakata a baki kawai yake, jikokinta ma kaɗan ne suka riƙe shi.

A Kuntunse, arewa da Ankara, akwai wani tsohon faifan sadarwa mai faɗin mita 32 da aka daina amfani da shi. Injiniyoyin Gana da na Afirka ta Kudu suka mayar da shi na'urar sauraron sararin samaniya, aka ƙaddamar da shi a watan Agusta 2017. Ni da aikina rediyo ne, wannan ya burge ni: faifan da ya saba ɗaukar kiran waya yanzu yana kama igiyoyin da taurari ke aikowa.

Da na kawo maganar a shirina, wani dattijo ya bugo waya ya ce, "Ɗana, yaranmu na Zango akwai su a cikin masu aikin?" Na ce masa, Baba, zan je Kuntunse in tambayo.