Bololo: Zangon Bakin Kogin Shari

A da, alhajin ƙasa da ya taso daga Kano ko Katsina, ya biyo ta Maiduguri da Dikwa da Gamborun Ngala, dole ya sauke kaya a Kusuri, domin ruwa ne a gabansa. A nan kogin Logon ke zuba cikin Shari. A nan kuma aka kashe Rabe da kwamandan Faransa Lami rana guda, 22 ga Afrilun 1900, sannan Faransawa suka kafa bariki a tsallake suka sa masa suna Fort Lami, garin da ya koma Injamena a 1973. Bololo na cikin tsofaffin unguwannin da suka tashi a gefen wannan bariki, tare da Jambal Bahar da Marjan Dafak, inda Hausawa da Barebari da Larabawa suka yi maƙwabtaka.

Yawancin Hausawan ba zama ya kawo su ba. Bayan yaƙin Burmi a 1903 hanyar gabas ta cika da masu hijira da maniyyata, kuma daga bakin Shari zuwa Abeche da Fashir da Bahar Maliya tafiya ce ta shekaru. Guzuri kan ƙare. Sai mutum ya ce bari ya yi shekara guda ya nemi na hanya: wannan ya kama fawa, wancan wanzanci ko dukanci, malami ya buɗe makarantar allo. Shekara ta zama goma, aka yi aure, aka haifi 'ya'ya masu jin Larabcin Chadi kamar ruwa. John Works ya rubuta littafi a kan waɗannan alhazai a 1976.

Ni dai abin da ya fi tsaya min a rai shi ne rabon kogi a wannan tarihi, don an fi yawan ba da labarin fatake da malamai, a bar masunta. Kotoko ne masu ruwan tun asali. A da, jirginsu na su ɗinka shi ake yi: a huda allunan itace, a ɗaure da igiya, a toshe kafofin, a kafa masa wata ƙatuwar koma mai kusurwa uku da suke kira zemi. Jirgin ƙarfe na farko, Léon Blot, gunduwa-gunduwa 'yan dako suka ɗauko shi daga wajen Kwango, aka harhaɗa, ya isa Tafkin Chadi a 1897. Tsakanin waɗannan jirage biyu Bahaushe ya sami gurbinsa, da kwale-kwalen katako, da taru da mamari, daga baya da zaren nailan da injin. Giwan ruwa da tarwaɗa a yi banda, a cusa a buhu, sai kasuwannin Borno.

Gyaran jirgi kuwa a gaɓa ake yinsa, a kan yashi. A kife shi, a kankare gansakuka, mai gyara ya bi shi da ƙwanƙwasa yana saurare har ya ji inda katako ya ruɓe. Ya cusa tsumma a tsaga da bakin kurfi, ya narka kwalta a gwangwani ya shafe, ya buga falle na langa-langa da ƙananan ƙusoshi. Mai jirgi na tsugune yana jira, don ranar da jirgi ya kwana a tudu gidansa ba cefane.

Farin 1973 ya janye Tafkin Chadi, wanda ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, masunta da yawa suka bi ruwa zuwa tsibirai. Da yaƙi ya ɓarke a cikin Injamena a 1980, waɗannan jirage masu faci ne suka yi ta kwasar mata da yara da tsofaffi zuwa Kusuri, ta mashigin da kakanninsu suka ƙetaro da niyyar Makka. Gadar Ngeli a kan Logon sai a 1985 aka buɗe ta.