Tanderun Farar Ƙasa da Tarihin Dokar Daidaito

Tun zamanin Rumawa magina suke ƙona dutsen farar ƙasa domin samun abin ɗaure gini. Sun san cewa dutsen ba ya nuna sai wuta ta yi tsanani, kuma tanderu ya samu mafitar iska. Dalilin hakan kuwa bai fito fili ba sai a ƙarni na 19.

A shekarar 1867, masanin sinadarai Henri Debray, almajirin Sainte-Claire Deville a ƙasar Faransa, ya zuba dutsen cikin rufaffen bututu, ya zuƙe iskar ciki, sannan ya gasa shi. Dutsen ya soma rabuwa gida biyu: ƙonanniyar farar ƙasa da iskar kabon dayoksaid. Da matsin iskar ya kai wani mataki, sai ya tsaya cik, alhali dutse bai ƙare ba. Idan aka zuƙe iskar, dutsen yakan fitar da wata har matsin ya koma inda yake. Idan aka ƙara wuta, matsin ya hau. Idan bututun ya huce, ƙonanniyar ƙasar ta sake shanye iskar. Yawan dutsen bai sauya komai ba. Zafi kaɗai ke ƙayyade matsin.

Wannan tsayawa ita ake kira daidaito: iskar da dutse ke saki daidai take da wadda ke komawa cikinsa. A 1884, Van 't Hoff na ƙasar Holan da Le Chatelier na Faransa suka bayyana ƙa'idar da ke bayansa, wato ƙarin zafi yana karkata daidaito zuwa ɓangaren da ke shan zafi. Rabuwar dutsen farar ƙasa kuwa zafi take sha, don haka matsin iskar yake hawa tare da wuta, har ya kai na sararin duniya a wajen digiri 900 na ma'aunin Salsiyos.

Ashe magina na da gaskiya ta fuska biyu. Wuta mai ƙarfi tana ɗaga matsin, mafitar iska kuma tana hana daidaito zama, sai dutse ya ƙone ƙurmus. Kilo 100 na tsantsarsa yakan bar kilo 56 na ƙonanniyar ƙasa, 44 su tashi iska. A kan wannan ƙa'ida tanderun siminti na Malbaza, a jihar Tawa, yake aiki har yau.