Rariyar Famfon Mai: Yadda Ta Samu Gurbi a Cikin Inji

Idan bakanike ya kwance kaskon baƙin mai na tsohuwar mota, zai tarar da wani bututu ya sunkuya ƙasa, bakinsa mai faɗi an rufe shi da ragar ƙarfe. Wannan ita ce rariyar famfon mai. Motocin farko da yawa ba su da ita, domin famfon ma ba su da shi.

Ford Model T, wadda aka fara ƙerawa a Amurka a 1908, da watsi take shayar da injinta. Babban faifan da ke bayan inji ne ke fantsama mai, wani mazurari ya tare, bututu ya kai shi gaba. Da yake inji da giya mai ɗaya suke sha, zaren audugar da ke zubowa daga maɗauran giya yakan toshe bututun, sai gaban inji ya bushe, musamman a hawan tudu.

Da injuna suka ƙara gudu da ƙarfi, watsi ya kasa. Ford Model A da ta fito a ƙarshen 1927 ta zo da famfo, rariya na tsare bakinsa. Irin wannan famfo haƙoran ƙarfe biyu ne ke juyawa a matse, ɗan guntun ƙarfe na iya cije su. Aikin rariya ke nan: kare famfo.

Ba a yi ta don tace mai tas ba. Famfo tsotsa yake yi ta cikinta, in ramukan suka yi ƙanƙanta, mai mai kauri ba zai wuce ba da sanyin safiya. Tace ƙananan datti aikin filta ne, wadda Ernest Sweetland da George Greenhalgh suka fito da ita a 1923 da sunan Purolator.

Man wancan zamani ba ya riƙe datti, sai ya kwanta a gindin kasko kamar laka. Don haka a shekarun 1930 aka ɓullo da rariya mai iyo, wadda ke hawa da sauka tare da mai, tana zuƙa daga sama inda ya fi tsabta. Jif ɗin Willys na Yaƙin Duniya na Biyu da irinta ya yi aiki.

Volkswagen Beetle, wadda aka fara harhaɗawa a Legas a 1975, ita ce ta fi ɗora wa rariya nauyi, domin ba ta da filta sam. A ƙarƙashin injin akwai wani zagayayyen murfi mai noti shida. Duk kilomita 5,000 za a yi juyen mai, a kwance murfin, a zaro rariyar, a wanke ta fes, a sa sababbin gasket, sannan a zuba mai lita biyu da rabi.

Daga shekarun 1950, man da ke riƙe datti har ya kai shi ga filta ya yaɗu, filtar murɗawa ma ta shigo, sai yawancin masu ƙera motoci suka koma ga rariya kafaffiya, dab da gindin kasko. Amma toshewa ba ta ƙare ba. A manyan injunan Amurka na shekarun 1960 da 1970, haƙoran roba na giyar taimin sukan farfashe su cika rariyar. Yau kuwa, gam ɗin gasket da aka lafta fiye da kima da jinkirin juye su ne manyan masu laifi.

In rariya ta toshe, wutar mai takan riƙa ƙyaftawa, inji ya soma ƙara, in aka ci gaba da tafiya mital ya ƙone. Mai tsohuwar mota da ya ga haka, kafin ya sayi sabon famfo, ya sa a sauke kasko a duba rariyar tukuna.