Asalin Tikitin Da Ba A Mayar Da Kuɗinsa

Da yawa sun ɗauka tun fil'azal wanda ya fasa tafiya a jirgin sama kuɗinsa ya tafi ke nan. Ba haka abin ya faro ba.

Kafin 1978 gwamnatin Amurka ce ke yanke farashin tikiti. Akwai tsada, amma wanda ya fasa yakan karɓi kuɗinsa. Da Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta sakar wa kamfanoni mara, sai gasa ta ɓarke. A 1985 American Airlines ya karya farashi don durƙusar da People Express, bisa sharaɗin a yanki wani kaso daga kuɗin wanda ya soke. Daga nan aka gangara zuwa tikitin da ba a mayar da ko sisi.

A 2012 hukuma ta ba fasinja awa 24 na sake shawara, in saura mako ko fiye a tashi. Duk da haka, a 2013 tarar canza tikitin cikin gida ta kai dala 200, wani lokaci har ta fi kuɗin tikitin.

Sai da korona ta kori fasinjoji sannan United ya janye tarar a Agustan 2020, Delta da American suka bi sahu. Amma fa ba tsabar kuɗi suke mayarwa ba. Ajiya ce ta wata tafiyar, kuma galibi wa'adinta shekara guda.