Yadda saƙo ke fita daga Lagdo

Lagdo gari ne na baƙi. Kafin 1977 ƙaramin wuri ne a bakin Binuwai, kimanin kilomita 50 kudu da Garwa. A shekarar ce Sinawa suka fara ginin madatsar ruwa a zamanin Shugaba Ahmadu Ahijo na Kamaru, aka kammala a 1982, shekarar da ya sauka daga mulki. Bangon ya kai mita 40 a tsaye, injinansa huɗu an yi su ne don ba da megawat 72, wutar da ake rabawa Garwa da Marwa da Ngaundare. Sai dai ba wuta ce ta tara jama'a ba, kifi ne. Da tafkin ya cika, labarin karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa ya bazu, Musgum da Kotoko suka gangaro daga bakin Logon, Hausawa da Jukunawa suka haye daga Najeriya, wasu tun daga Cadi da Mali. Mahaifina daga ƙasar Yawuri ya taso, inda ya riga ya ga yadda madatsar Kainji ta sauya sana'ar su, ya zauna yana fataucin banda a kasuwar Jipporde.

Duk wanda ya zo haka ya baro uwa ko mata ko ƙanne a wani wuri. Shi ya sa tarihin Lagdo, a ganina, bai cika ba in ba a faɗi yadda mutanenta ke aika saƙo gida ba.

Da farko wasiƙa ce. Malami ke rubuta ta da ajami, a ninke, a damƙa wa falken da zai bi kayansa zuwa Yola, daga can ta bi hannu zuwa hannu. Wanda ya isar da ita shi ma rabin saƙon ne, domin bayan an karanta sai an zaunar da shi an tambaye shi: ya rame ko ya yi ƙiba, gaskiya ne ya ƙara aure? Gidan waya na hukuma yana nan a Garwa, amma yana son adireshi da rubutun boko, masunci kuwa yau yana wannan tsibiri, gobe ya bi kifi zuwa wancan.

Sai kaset ya zo, kuma a nan nake so in daɗe, don shi na tashi na tarar. Baba yakan sayi sabon kaset da batura, bayan sallar isha a ajiye rakoda a tsakiyar tabarma. Shi ke fara magana da sallama, ya gai da kowa bisa girmansa, daga Goggo har jaririn da bai taɓa gani ba, sannan ya shiga batun kuɗin da ya aiko da yadda za a raba. Inna ta karɓa, muryarta ƙasa-ƙasa saboda kunyar surukai ko da ba sa ganinta. Mu yara a ƙarshe, a ce kowa ya faɗi sunansa da inda ya kai a allo. Amsa kan ɗauki watanni. Ranar da ta iso, maƙwabta 'yan ƙasarmu su ma sai sun zo, domin a cikinta za a ji wanda ya rasu, da wadda ta haihu, da yadda damina ta yi. Na ga dattijo ya sa an maimaita masa wuri guda har zaren ya fara ja, don kawai ya sake jin tarin yayansa. Saƙon kaset na gida ne gaba ɗaya. Ba a ɓoye komai a cikinsa, tunda kowa ya san a gaban jama'a za a kunna.

Wayar salula ce ta sauya wannan. A 2000 MTN ta sayi sashen salula na Camtel, kamfanin Mobilis kuma ya koma Orange a 2002. Aka fara ganin masu laima da ɗan teburi a bakin kasuwa, ka biya ka yi magana da minti, kana kallon agogo. Daga baya kowa ya mallaki tasa. Alherinta ba ya musuntuwa: dillali a Jipporde ya san farashin banda a Yola kafin ya ɗaure kwali, rasuwa kuma ana jin ta ranar da aka yi ta. Amma magana ta koma ta mutum biyu. Mutum ya tashi ya koma bayan ɗaki da waya a kunne, sauran gida su jira abin da ya ga dama ya faɗa musu. Ko da Nexttel ta kawo intanet mai sauri na 3G a 2014, WhatsApp kuma ya ƙara kiran bidiyo a ƙarshen 2016, fuskar waya ba ta wuce tafin hannu ba, kuma tsohuwar da idonta ya yi rauni ba ta amfana da komai.

Talabijin kuwa ta daɗe a falo tana magana ita kaɗai, tun da Kamaru ta fara watsa shirye-shiryenta a 1985. Dabarar ɗora mata kyamara don kiran bidiyo ba sabuwa ba ce a duniya. Tun 2010 kamfanoni irin su Panasonic da LG da Samsung suka sa Skype a talabijin ɗinsu, aka daina tallafa masa a 2016, tun kafin irin waɗannan akwatuna su yawaita a wajenmu. A 2020 Google ya kai manhajar Duo kan talabijin masu tsarin Android, ta yadda za a soka kyamara a ramin USB a yi kira. A gidajen da na sani, hanya mafi sauƙi ake bi: a haska fuskar waya a kan talabijin, a jingina wayar a ƙasanta, kyamararta ta yi aikin. Wanda ya sayi kyamara ta daban sai ya tabbatar talabijin ɗinsa ta san ta, ya maƙala ta a saman gilashi, ya ba ta intanet daga wayarsa. Haske ya fito daga gaban masu zama, domin in ƙofa tana bayansu, duhu kawai na can za su gani. A kuma rage ƙara, kada murya ta riƙa komawa tana amsa kuwwa.

Ƙanena ya haɗa mana tamu gab da wata babbar Sallah. Da hoton ya fito, ga Goggo a zaune da jikokinta kewaye da ita, Inna ta jawo mayafi ta durƙusa a gaban talabijin ta ce, "Goggo, ina wuni? An yi Sallah lafiya?" Yara suka jeru, kowa ya faɗi sunansa. Ba wanda ya tsara hakan. Ladabin da aka saba yi wa rakoda ne ya dawo, kuma gidan gaba ɗaya ya sake zama mai saƙon.

Wahalar wannan hanya biyu ce. In rani ya yi nisa ruwan tafki ya ja baya, wuta kan yi ƙaranci a duk Arewacin Kamaru, har da garin da ake samar da ita, don haka mai hali kan tanadi batir da farantin sola. Ta biyun ta fi nauyi: kyamara ba ta san gidan kulle ba, duk abin da ke ɗaki shi take nunawa. A gidanmu an yanke cewa ana rufe ta da ƙyalle in ba a kira, kuma mai son kira sai ya fara aiko da saƙon murya, a ba mata lokacin shiri, sannan a buɗe.